Takalmin Larion

Bakin kogin Danube,
2 ga Satumba.

Zuwa ga Yaya Profira,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da tsohuwar da kike jinya a Italiya. Yaya ciwon bayan naki? Mu nan lafiya lau, kifi ne dai ya yi mana rowa bana.

Asabar ta sama abokina Larion zai cika shekara da rasuwa. Har yau in na tura kwalekwale sai in ji kamar zai ce, "Trifan, kafin ka kai tsakiyar ruwa ai kifin sun tsufa." An kafe hotonsa a gaban makaranta cikin kayan sojan ruwa, da singiletin nan mai ratsi, ya ɗaure fuska kamar ba shi ne mai satar kankana ba.

Mahaifiyarsa Inna Domnika ce abin tausayi. Tun bazara take mafarkinsa ba takalmi, yana taka tsakuwa. Ta daina hura wuta, duk ta rame. Kin san al'adarmu, ba zai samu takalmi a lahira ba sai an miƙa wa mai rai ta saman kabarinsa, kuma sai wanda suka yi wa daidai, in ba haka ba ɗingishi zai yi ta yi. Ta sayo sababbi a garin Izmail, lamba arba'in da bakwai. Ina za a samo wannan ƙafar, maza duk suna fagen daga?

Ni na fara gwadawa. Na cusa ulu a ciki, taku biyu ta gane. Ta ce, "Ɗan nan, ni za ka cuta ko shi?" Yanzu ta yanko kara daidai tsawon takalmin, ni nake yawo da shi. Ranar Lahadi ban ji ko kalma ɗaya a wa'azin Fada a coci ba, ƙafafun jama'a nake kallo. Nasa ma na leƙa, ƙanana ne kamar na amarya.

Ki sa mu a addu'a.

Ƙanenki,
Trifan.

15 ga Satumba.

Yaya Profira,

Bayan gaisuwa, ina fatan sauƙi ya samu. Albishirinki, an sami ƙafa.

A taɓon bakin kogi na ga wani sawu, na aza karan, ya zauna ɗas. Na bi shi har gonar Baba Pahomie. Eh, shi fa, mai kankanar da Larion ya addaba tun muna yara. Da na faɗa masa sai ya ce, "Ɓarawona zan sa wa takalmi? Don ya ƙara gudu?" Ban yi musu ba. Kwana uku ina zuwa ina taya shi lodin kankana, ban sake tayar da maganar ba. Ran na huɗu ya ce, "Kai jarababbe, baƙaƙe ne ko jajaye?"

Ranar Asabar ya zo maƙabarta da wankakkun ƙafafu, yana tura baro cike da kankana. Bayan addu'a aka raba dafaffiyar alkama, Inna ta miƙa masa takalmin ta saman kabari. Ya zauna, ya zura, ya tashi ya buga ƙasa sau biyu. Cif! Ya dubi gicciyen da ke kan kabarin ya ce, "Shekara goma ina bin ka ban kama ka ba, ja'iri. Ga rabonka na bana, tunda ba ka zo ka ɗauka ba." Muka yi ta dariya, Yaya, hawaye na zuba. Ni kam sai da na koma bayan bishiya.

Tun ranar hayaƙi ke tashi a gidan Inna. Jiya ta ba ni tuwon masara da cuku, ita ma ta ci har da ƙari. Baba Pahomie ne ya shiga uku, don kullum da safe tana bakin ƙofa tana jiran wucewarsa. Yau da kunnena na ji ta tana ƙwala masa kira: "Pahomie! Tsaya ka ɗaure igiyar takalmin nan, kada ka kayar min da ɗa!"

Ya kuwa durƙusa ya ɗaure.

Ki gaida tsohuwarki, ki huta lafiya.

Ƙanenki,
Trifan.