Tarin Baba da Shagon Walda

Assalamu alaikum Yaya Sani,

Gaisuwa mai yawa. Ya aiki, ya sanyin Jos? Ya Anti Rabi da yara?

Tarin Baba ya tsananta har muka kai shi asibiti nan Kaura. Likita ya ce hayaƙin janareta da ƙurar ƙarfen shagon walda ne, wai idan rana ta buge su a iska, gubarsu ƙaruwa take yi. Ya hana shi komawa aiki.

Yanzu a zaure yake yini, idonsa na kan hanyar tasha. Jiya ya ce mini, "Hadiza, shago bai dame ni ba, Sani nika son gani."

A taya mu da addu'a, a gaida kowa. Don Allah Yaya, ka zo.

Ƙanwarka,
Hadiza