Ni Ce Harshen Babana, Kuma Likita Ya Hana Ni Giya

Inna Bohdana, don Allah ki taimake ni, na rasa wanda zan faɗa wa. Shekarata talatin da takwas, a birnin Brno nake. Babana shekara ashirin ke nan yana fitar da ɗan littafi duk kaka, yana jera garuruwan da suka fi iya giyar hannu, irin wadda ƙananan gidaje ke dafawa da kansu. In ya ɗaga Kraków a kan Budapest, sai an yi wata guda ana yi masa wasiƙun zagi, shi kuwa abin da ke raya shi ke nan tun rasuwar Mama.

Ga abin da ba wanda ya sani. Shekara uku da suka wuce ya yi wata mura mai tsanani, ya warke amma ɗanɗano bai dawo ba. Giya da ruwan wanke kwano duk ɗaya ne a bakinsa. Tun daga nan ni nake binsa a jirgin ƙasa gari gari, wai mai riƙe masa jaka. Ni nake sha in tantance. In ta yi kyau in taka ƙafarsa sau ɗaya a ƙarƙashin tebur, in ta lalace sau biyu, sauran bayanin sai mun koma masauki. Shi kuma ya lumshe ido, ya juya kofi, ya yi ta zuba wa mai gidan giyar jawabi. Ya iya, wallahi har ni nakan manta.

To, a watan Mayu likita ya duba hantata ya ce ko ɗigo kada in ƙara. Kin san giyar hatsi ba kamar ta inabi ba ce da za ka kurɓa ka tofar, sai ka haɗiye ɗacinta yake bayyana a maƙogwaro. Kin kuma san mashayarmu: kofi na ƙarewa an dire maka wani, sai in ka rufe bakin kofin da faifan kwalin da ake ɗora shi a kai. Ni kuwa ban taɓa ɗora faifai a gaban Baba ba. Yakan ce wannan aikin ragwaye ne da 'yan yawon buɗe ido.

Na gwada dabara. A wani ƙaramin gari kusa da Olomouc na jiƙa leɓe kawai, na taka shi sau ɗaya. Ashe giyar gangar ta yi tsami, mai gidan ma ya taho ne ya ba da haƙuri ya canza, sai ya tarar Baba yana yabonta. Kallon da mutumin ya yi masa har yau yana cina. A jirgi Baba bai yi faɗa ba, cewa ya yi wataƙila shi ne bai ji takun da kyau ba, tsufa ne. Kunya ta kusa kashe ni.

Tafiyar bana saura sati uku, garuruwa tara. In na sha, na san abin da nake yi wa kaina. In na ƙi, asirinsa ya tonu kuma littafin ya mutu. Ya riga ya goge takalmansa. Ina zan sa kaina?

Mai Riƙe Jaka, daga Brno

'Yata Mai Riƙe Jaka,

Bari in fara da abin da ba ya jiran shawara: maganar likita ta zauna. Ba kurɓi ɗaya, ba don gari ɗaya ba.

Ban ga laifin babanki da yawa ba. Mutum ya rasa matarsa, ya rasa harshensa, ya riƙe abin da ya rage. Ke ma ƙauna ce ta sa ki. Amma ku biyun kun shekara uku kuna ɓoye abu ɗaya, yanzu ke kin ƙara na biyu, kuma kin yanke masa hukunci ba tare da kin tambaye shi ba. Kin ɗauka zai zaɓi littafi a kanki. Mutumin da ya ɗora wa tsufansa laifinki a cikin jirgi, anya haka yake?

Ki same shi a gida cikin satin nan, da takardar likita a hannu. Ki fara da lafiyarki, littafi ya biyo baya. Zai yi fushi, mai yiwuwa don kin yi wata huɗu kina ɓoyewa ne. Ki bar shi ya yi.

Littafin kuma ba dole ya mutu ba. Hancinki lafiya lau, idonsa ma haka: ya san kumfa, ya san tsabtar kofi, ya san hannun mai zubawa. Ku nemi ɗaya daga cikin tsofaffin abokansa ya riƙa sha, a rubuta sunansa a bangon littafin. Ko zai gaya wa masu karatu gaskiya, wannan nasa ne, kada ki ɗaukar masa.

In kun je garin farko aka dire miki kofi, ki ɗora faifan a kai, a gabansa. Ina zaton kafin ku kai gari na biyu shi zai riƙa ɗora miki da hannunsa. Allah ya ba ki lafiya, ya bar ku tare.

Inna Bohdana