Rawanin Malam

Gure, daren Laraba, watan Rajab, 1934

Kwana arba'in da rasuwar Malam, ina cikin takaba, sai ga ƙaninsa Kyari. So yake kumandan, Baturen mulki, ya ba shi sarautar mai unguwa da Malam ya bari. Shekara tara Kyari ya yi yana gardi, dogarin Nasara, a Damagaram. Ya ce ya san halin Nasara, a ba su abin da suka nema tun kafin su maimaita. In hatsi ne, a kai. In samarin aikin hanya ne, a tura.

Na ce, "Yadda aka tura autana bai dawo ba?"

Ya sunkuyar da kai. "Yaya, in ban hau ba, baƙo za su kawo, wanda bai san uwar kowa ba."

Wataƙila gaskiyarsa ce. Rawanin Malam yake roƙo, ya naɗa ran Jumma'a, dattawa su ga gidanmu na bayansa.

Ɗazu na ciro shi daga akwati. Har yanzu yana ƙamshin mai shi, mutumin da aka tsare sau biyu a bariki don ya ƙi ba da 'ya'yan mutane. Na mayar, na kulle. Gobe zan ce wa Kyari ya sayi sabo a kasuwa. Allah Ka ba ni bakin faɗa.