Ba Kashin Ɓera Ba Ne

Maman Afra'u,

Motar Agyaragu ba za ta jira ni ba, ke kuma ba ki dawo daga kai yara makaranta ba, shi ya sa na rubuta.

Kashin nan da na gani jiya a sito kusa da bokitin gari, har na ɗaga miki murya a gaban Inna na ce ƙazantarki ta tara mana ɓeraye, ba na ɓera ba ne. Da safen nan na duƙa na duba da kyau. Kowanne da ɗan fari a bakinsa. Na tsaka ne. Tsakata da nake kiwo a akwatin gilashi, wadda tun farko kika ce ba kya so.

Kwana huɗu ban ga kashinta a akwatin ba, ina ta damuwa ko cikinta ya ɗaure. Ashe murfin ne ban rufe daidai ba. Fita take yi, ta je lungu ɗaya ta yi abinta, ta komo. Lafiyarta ƙalau.

Na wanke wurin, na danne murfin da dutse. Don Allah kada ki sa maganin ɓeran da na sayo. Da yamma zan biya Bukan Sidi in gaya wa Inna da bakina.

Jiya tsintsiya kawai kika ɗauka. Wallahi da kin rama, da ya fi mini sauƙi. Ki yafe mini.

Zulkifilu