Tsumman Ramin Makulli

Laraba, bayan isha'i. Whalley Range, Ingila.

Daren jiya ma dannau ya zo. Idona biyu abu ya haye ƙirjina, ko a'uzubillahi na kasa furtawa.

Da la'asar na haɗu da Mrs Doyle, tsohuwar flat ɗin ƙasa, ta ce idanuna sun faɗa. Na ce nightmare ne kawai, don in kashe zancen. Sai ta tsura mini ido. Wai "mare" ɗin da ke cikin kalmar, a tsohon Turancinsu, sunan wata halitta ne mai hawa ƙirjin mai barci ta danne shi. Ta ramin makulli take shigowa, shi ya sa mutanen dauri suke toshe shi.

Ranar da na tare a gidan nan, da hannuna na zare wani baƙin tsumma daga ramin makullin ɗakin nan, har ina tsaki, wai ƙazanta.

Yanzu na cusa safa a ramin, na karanta Ayatul Kursiyyu. Amma na kasa kashe fitila. Ban sani ba ko a waje na rufe ta, ko a ciki tare da ni.