Harshen Inna da Ruwan Soda

Zuwa ga Hajiya, shugabar cibiyar da ta koya mana haɗa sabulu a Gusau.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku, da fatan kuna lafiya.

Aikina na farko yau: na dama wa mahaifiyata kunu mai ruwa-ruwa, na bar shi ya huce sarai. Shi kaɗai take iya haɗiya yanzu.

A Kwatarkwashi na tashi ina kallon Inna tana sabulun salo. Bayan girbi mukan ƙone karan dawa, ta tace tokar a tukunya mai huji. Kafin ta zuba man kaɗe sai ta tsoma yatsa a ruwan tokar ta ɗanɗana. In ya ciji harshe, to ya yi. Har yau in na ji ƙamshin man kaɗe a wuta, tsakar gidan nan nake gani, da inuwar dutse ta rufe shi da la'asar.

Makon jiya ta zo wurina Bungudu, ta tarar na jiƙa soda a roba yadda kuka koya mana. Na shiga ɗaki ɗauko mai. Sai ta yi abin da ta saba tun tana budurwa. Leɓenta da harshenta suka saluɓe.

Kukana, Hajiya:

Na ɗaya, an koya mana awo, ba a ce soda ba toka ba ce. Yawancinmu 'ya'yan masu ɗanɗana ruwan toka ne. Na yi ta zargin kaina ko an faɗa ban ji ba, sai na tambayi 'yan ajinmu. Babu wadda ta ji.

Na biyu, a farar leda kuka ba mu ita, ba rubutu, kamar gishiri.

Na uku, ba mu san taimakon farko ba. Maƙwabta suka ce a ba ta manja, muka ba ta. A asibiti aka ce da ruwa ya kamata mu yi ta kurkure mata.

Ina roƙonku ku fara kowane aji da wannan gargaɗi, ku rubuta shi a jikin leda da Hausa, ku sa safar hannu da tabarau cikin kayan koyo. Allah ya ƙara muku lafiya, ya sa albarka a aikinku.

Wassalam.
Rabi, Bungudu.

Abin da ya rage na gobe:
- mayar da Inna asibiti a duba harshen
- neman kwaɗo na kulle sauran sodar
- tara toka. Da hannu ta nuna mini, wai in ta warke za ta koya mini sabulu na gaskiya.