Ranar da Muka Yi wa Kamalu Jaje

Ɗan Kassari, Lahadi

Zuwa ga ɗana Kamaluddeen,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kamar yadda muke nan. Innarka da ƙanwarka Nusaiba suna gaishe ka. Nusaiba ce za ta ɗauki hoton takardar nan ta turo maka.

Jiya mun ga tserenku na Tunisiya a telen shagon Ja'afar. Rabin unguwa ya zo, har Malam Habu da ke cewa wasan kwalekwale aikin banza ne. Ku shida ne a ruwa. Na gane ka tun daga wuyanka. Amma ɗana, kai ne can ƙarshe, kana kallon ƙeyar mutum biyar, kuma kullum ratar ƙaruwa take. Mai bayani yana ta ihu da Ingilishi, ba mai ji. Kafin a gama rezo ya ɗauke, hoton ya ɓace, na ce Allah ya rufa mana asiri.

Kada ka sa wa ranka damuwa. Yaron da ya tashi inda babu ruwa sai na rijiya da tabkin damina, ya je karatu Yamai ya koyi tuƙi a kogi har ƙasa ta tura shi gasar Afirka, ai ba rago ba ne. Shekara bakwai ka yi kana jan filafili, tafin hannunka ya fi na manomi kanta.

Sai dai alkawari kaya ne. Kai da bakinka ka ce in ba ka samu gurbin gasar duniya a wannan karo ba, za ka dawo ka karɓi gonar gero. Gwiwoyina sun gaji. Na sa an yaɓe ɗakinka. Tun safe mutane ke shigowa jaje.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka,
Alhassan

Ɗan Kassari, Talata

Zuwa ga ɗana Kamaluddeen,

Bayan gaisuwa, ya gajiyar tsere? Mu nan lafiya lau, sai kunya.

Saƙonka ya iso jiya da hoton lambar zinariya a wuyanka. Sau uku Nusaiba ta kunna mini muryarka, kana dariya har da tari. Ashe irin jirginku da baya ake tuƙa shi! Ashe wanda ke kallon ƙeyar kowa shi ne ya wuce kowa. To wa zai gaya mana? Mu nan ko jaki inda ya sa hanci can ya nufa. Shekara bakwai ba ka taɓa faɗi ba, ni ma ban taɓa tambaya ba, kuma wannan laifina ne.

Waɗanda suka zo jaje su ne suka dawo barka, a kan tabarmar nan dai. Malam Habu ya ce shi dama ya yi zargin haka. Ni dai na sa Nusaiba ta nuna masa hoton har sau biyu. Innarka ta yi guɗa har muryarta ta dishe. Ni kuwa na zaga kasuwa tun daga 'yan hatsi har 'yan awaki, ban sayi komai ba.

Akwai abin da zan gaya maka, kada Innarka ta ji. Ran Asabar da na ga kamar an kayar da kai, na yi baƙin ciki, amma can ƙasan zuciyata murna nake yi, don za ka dawo gida. Abin ya dame ni ƙwarai. Ka yafe mini.

Gonar na ba ɗan baffanka Bilal ya noma bana da baɗi. Ɗakinka na zuba wake a ciki. Ka je gasar duniyar, ka zauna a jirginka yadda ka saba. In na sake ganin ka can bayan kowa, ni zan fara miƙewa a shagon Ja'afar, ko da gwiwoyin nan sun ƙi.

Allah ya tsare, ya ƙara ɗaukaka.

Mahaifinka mai alfahari da kai,
Alhassan